Ƙugin da Ya Ƙi Gyaruwa

"Wace irin waya ce wannan da ba ta gyaruwa?" Muryar Yaya ce ta ratso bango daga falo. "Mama, kullum yana ɗakin karatu da ƙanwata. Yau ya faɗi abin da ke kawo shi, ko ya daina zuwa."

Yatsun ƙanwar suka tsaya cak a kan fiyanon lantarki. Ta saci kallon mai haɗa sautin, wanda ya ƙura wa kwamfuta ido kamar bai ji ba. Tun da ya fara zuwa naɗar mata kiɗanta, wani ƙugi ke ɓata aikin, kullum sai ya ce laifin wayar fiyanon ne, a sake gobe.

"Faɗan ya shiga cikin naɗin?" ta tambaya.

"Ta waya sautin ke bi. Kwamfutar ba ta jin komai sai abin da yatsunki suka taɓa."

"Kai fa?"

Ya ci gaba da kallon kwamfutar. Ta sunkuya bayan fiyanon don ta ɓoye fuskarta, sai ta ga kan wayar a sassauce. Ta danna shi da ɗan yatsa ɗaya. Ƙugin ya ɗauke.

Ta ɗago a hankali. Shike nan, ba sauran dalilin zuwansa gobe.

Ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ni nake sassauta wayar, kullum. In kin yarda, yanzu zan shiga falo in gaya wa Yaya dalili."