Firjin Unguwa da Bakin Mahauci

Tunda kai aka damƙa wa kula da abincin sadakar nan, Malam Tanimu, zauna in ba ka misalin wani mahauci kafin ka fara.

A wata unguwa, shekarar da tsadar hatsi ta kai mudun masara ya gagari mai iyali, mutane suka haɗa hannu suka sayi firji, suka sa masa sola, suka ajiye shi a wani zaure da ke bakin lungu. Sharaɗin guda ɗaya ne: mai hali ya kawo ya ajiye, wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba ya zo ya ɗauka, ba mai tambayar wani. Rumfar mahaucin nan tana kallon ƙofar zauren, kuma duk unguwar ba wanda ya kai shi sakin hannu. Ba ƙashi da jijiya yake kaiwa ba. Tsoka yake yanka ya aika gida, matarsa ta yi miyar kuka mai nama, ta ƙulla malmalar tuwo a leda, shi da kansa ya je ya jera. In ya leƙa ya tarar an kwashe, har cikin ransa yake jin daɗi. Aibinsa ɗaya, abin da idonsa ya gani bakinsa ba ya iya riƙewa.

Wata rana bayan azahar, rana ta take, layi ya yi tsit, yana korar ƙuda daga kan teburinsa sai ya hango wani dattijo ya shiga zauren. Ya san shi sarai. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, wanda a zamanin da masaƙar ke aiki ba ya wuce rumfar sai ya tsaya an yankar masa cinya. Kullum cikin farar babbar riga yake, a wanke a goge. Dattijon ya waiga dama, ya waiga hagu, ya buɗe firjin ya ɗauki tuwo da robar miya, ya tura su ƙarƙashin rigarsa, ya fita da sauri kamar wanda ya yi sata. Da yamma 'yan hira suka taru a bencin gaban rumfa, mahaucin yana wasa wuƙa ya ce cikin raha, "Ashe yanzu har masu farar riga sun gano hanyar firjinmu." Aka ce wa, ya faɗi suna. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Shi ya manta, amma unguwa ba ta manta ba. Maza suka shiga da maganar gidaje, mata suka fito da ita bakin famfo, har yara suka fara bin jikokin dattijon a layi suna kiran su 'yan tuwon firji. Dattijon bai sake taka zauren ba. Ba shi kaɗai ba ma, duk mai sauran kunya a fuska ya gane akwai ido a kan ƙofar nan, ya gwammace ya kwana da cikinsa haka. Tuwo ya riƙa kwana a firji har ya yi tsami a kwashe a ba awaki, alhali a bayan katangar zauren akwai gidajen da hayaƙi bai tashi ba. Liman ne ya ja mahaucin gefe bayan sallah ya gaya masa abin da bai sani ba. Farar rigar nan ita kaɗai ta rage wa dattijon, matarsa ke wanke ta kullum don kada a gane. Ya sayar da kekensa, ya sayar da rediyonsa, kuma yaran da ake tsokana marayu huɗu ne da 'yarsa ta rasu ta bar masa. Ya daɗe yana wuce zauren yana kau da kai, sai ranar da kukan ƙaraminsu ya fi ƙarfin kunyarsa ya shiga.

Washegari mahaucin ya ɗauki buhun masara a ka, ya riƙe cinyar rago a hannu, ya yi sallama a ƙofar dattijon. Dattijon ya fito ya shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa har da tambayar iyali. Mahaucin ya kasa haɗa ido da shi, ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Dattijon ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira, ɗana. Amma ka koma da kayanka. Wanda na ɗauka a ɓoye ma ya zame wa yaran nan abin gori, balle wanda ka ɗauko a ka kowa yana gani."

Haka ya juyo da buhunsa, ya ratsa layin da kowa ke kallonsa. Kafin damina ta faɗi dattijon ya saki ɗakunan da yake haya ya koma ƙauyensu, marayun kuwa aka rarraba su a hannun dangi, kowa da garin da ya faɗa. Mahaucin ya juya teburinsa ya ba zauren baya, ya ci gaba da kai nama fiye da da. A hankali wasu suka dawo suna ɗauka. Amma duk ranar da ya jera tuwo a firjin nan sai ya tuna akwai yara huɗu da za su ci tare a kwano ɗaya, ba don shi ba. Hannunsa ya ciyar da unguwa shekara da shekaru, bai iya gyara abin da bakinsa ya ɓata a zama ɗaya ba.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.