Ruwan Zuma Mai Duhu

Kwalin rinin gashi uku mai shago ta jera a kan teburin gilashi, ta dubi fuskar Malama, ta tura mata na tsakiya.

"Wannan baƙin shi zai fito da ke. Ruwan zuma sai mai rawar kai, ke kuwa da ganinki ba ki da hayaniya."

Malama ta ciro waya, ta buɗo wani hoto, ta dafe fuskar da ke ciki da babban yatsa, ta bar gashin kawai. Ta kara kwalayen ɗaya bayan ɗaya a jikin hoton. Na farko ya cika ja, na biyu baƙi ne wuluk, na uku ya yi haske. Sai da mai shago ta hau kujera, tana mita, ta sauko da na huɗu daga can sama. Ruwan zuma mai duhu. Shi ne, babu ko tantama.

Shekara tara Malama tana koyarwa, kuma a ɗakin malamai kowa ya san bakinta a kan masu rina gashi. Ita ce mai cewa kai ba zanen gado ba ne da za a riƙa sauya masa launi. Yau ga ta da leda a hannu tana sauri, kamar wadda ta sayo abin kunya.

Oga ne ya jawo. Haka kowa ke kiransa a gidan, don in ya ce a'a an gama magana. Kwana goma sha ɗaya ke nan bai dube ta da idon rahama ba. In ta shiga ɗaki sai ya ɗago da sauri, ya ƙare mata kallo daga haɓa zuwa goshi, idonsa na kaiwa kan gashinta sai ya juya ya fuskanci bango. Ta dafa duk abin da ta san yana so, kwano ya dawo kamar yadda ya tafi. Ruwa kawai yake kurɓa, sai loma ɗaya in an matsa. Jiya likita ya ce in gobe ta yi bai ci ba, sai an kwantar da shi an zura masa roba ta hanci.

Ta san wadda yake nema, kuma ta san ba ita ba ce. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ta kulle banɗaki, ta yafa tsohon tawul. Ta shafa basilin a goshi da bayan kunne, ta sa safar hannu, ta juye kwalabe biyun da ke cikin kwalin a kwanon roba ta dama. Warin ya bugi hancinta har idonta ya kawo ruwa. Ta raba gashin gida huɗu, ta fara daga ƙeya, tana bin saiwa da buroshi a hankali. Hannunta ya san aikin sarai, ko takardar cikin kwalin ba ta buɗe ba, duk da cewa rini bai taɓa hawa kanta ba.

Minti talatin da biyar ake jira. Ta ɗaure kan da leda, ta zauna a bakin baho tana kallon agogo. Gidan shiru, sai ƙarar cokali daga ɗakin Oga, inda mahaifiyarta ke ta lallashi. Ta ji an ture kwano ya faɗi.

Ta wanke har ruwan ya koma fari, ta busar, ta taje. Sai ta ja tsaga a gefen hagu, alhali ita a tsakiya take yin tata tun tana ƙarama. Da ta ɗaga kai ta dubi madubi, sai ta durƙusa a kan tayil, ta cusa tawul a baki don kada a ji kukanta. Ta daɗe a haka kafin ta iya wanke fuska.

A bakin ƙofa ta ci karo da mahaifiyarta. Tsohuwar ta ja da baya ta dafa bango.

"Innalillahi. Yarinyar nan, kashe ni za ki yi?"

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Wannan ba daidai ba ne. Ranar da ya gane fa? Da wane ido za ki dube shi?"

"Ya ci abinci tukuna. Sauran na ɗauka."

Ta karɓi kwanon daga hannun uwar, ta zubo wani abincin, ta tura ƙofar ɗakin. Yana kwance ya ba ƙofa baya, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito. Ta tsuguna kusa da gado ba ta ce komai ba, don ta san murya za ta iya tona ta.

Ya juyo. Idonsa ya hau daga haɓa zuwa goshi kamar kullum, ya kai kan gashin, ya tsaya. Wannan karon bai juya ba. Ya miƙo hannu ya damƙi gashin, ya riƙe gam, ya buɗe baki. Ta ba shi cokali ɗaya, ya haɗiye, ya sake buɗewa.

"Mama, kin daɗe," in ji shi.

Malama ta ce masa ta dawo. Haka ta amsa wa yaro ɗan shekara biyu da rabi a madadin uwarsa, abokiyar tagwaicinta, wadda aka binne kwana goma sha ɗaya da suka wuce.