Fomular da Ta Gudu

Fomular ta gudu. Zadok ya ƙura wa takardar tambaya ido, ya lalubi kansa ciki da waje, ko ƙurarta bai gani ba. Jiya-jiyan nan yana rera ta kamar waƙar coci. Yau da jarrabawa ta zo, sai ta yi ɓatan dabo.

Tsoro ya kama shi ƙwarai. In ya faɗi lissafi, karatu ya ƙare ke nan. Babansa ya riga ya yanke magana: ya tattara ya bar Jimeta, ya koma ƙauye ya riƙe fartanya.

Mai sa ido tana tsaye a kansa. Mace ce marar yawan magana, da zane da silifas kamar wadda ta fito daga kicin, amma idonta bai bar takardarsa ba. Ɗakin tsit, ko tarin wani ɗalibi ba ka ji. Sai ƙarar keke mai ƙafa uku daga titin Karewa, da ƙamshin albasar da wani marar tausayi yake soyawa dab da wurin jarrabawa.

"Madam, lokaci ya ƙare?"

"Da saura. Yi a hankali."

Faɗa da baki ai ba wuya. Zufa ta jiƙa masa riga. Ko waige bai yi ba, kada a ce satar amsa yake.

Tunda hadda ta ci amanarsa, sai ya koma tushe. Ya rubuta tambayar da haruffa zalla. Ya raba kowane ɓangare da harafin farko, ya tsallakar da na ƙarshe zuwa dama. Nan ya cije. Amma hannun ya fi kan sanin hanya: ya ɗauki rabin na tsakiya, ya ninka shi da kansa, ya ƙara hagu da dama. Wannan layi ya haifi wancan, har can ƙasan shafi fomular ta fito cif, ba ta rasa komai ba. Ya zuba lambobi, amsa ta fita.

Ya miƙa takardar da hannu biyu. Matar ta bi layukan da yatsa, ta daɗe tana bi.

"Na ci, Madam? In ban ci ba, don Allah kar a faɗa wa babana."

"Ka ci," ta ce.

Matar, Rhoda sunanta, ta juya ta share hawaye da bakin zane. Kowace safiya da fargaba take ajiye masa tambayar nan, tana tsoron ranar da hannun ma zai tsaya. Yau dai bai tsaya ba. Ta ɗauko ruwa da magani ta kawo wa mahaifinta Zadok, tsohon malamin lissafin da ya koyar da rabin Jimeta, wanda tun bara bai ƙara tuna sunanta ba.