Allin Ɓawon Ƙwai

Alli na arba'in ma ya marmashe a hannunsa tun bai gama rubuta kwanan wata ba.

Wata huɗu ke nan malamin lakwal, wato makarantar bokon ƙauyen, can bayan Guci, wanda suke ce wa Mushe, yana wannan fama. Alli ya ƙare, ba a aiko wani ba, shi ne ya sa kowane ɗalibi ya riƙa zuwa da ɓawon ƙwai guda kullum. Ya wanke, ya shanya, ya daka, ya jiƙa da ruwan batir har ya zama farin garin da ake yin alli da shi. Yatsunsa duk sun saɓule, amma garin ya ƙi kama jikinsa.

Ya kakkaɓe hannu. Yau zai ce a daina.

A bakin rumfar ajin ya tarar da wata uwa, ɓawo ƙulle a gefen zanenta.

"Mushe, an ce allin ya ƙi. Don Allah kada maganar ta je kunnen mazanmu."

"Saboda me?"

"Da, duk ƙwan da kaza ta saka kasuwa yake tafiya. Ba a ba yaro, wai zai koyi sata. To, ɓawo ba ya samuwa sai an fasa, abin da ke ciki kuma ba a zubarwa."

Ya waiwaya ya dubi yaran. Sai yanzu ya lura an daɗe babu wanda ya ɓingire a tabarma don yunwa kafin tashi.

Ya miƙa tafinsa mai ƙuna ya karɓi ɓawon.

"Allin ya kusa," in ji shi. "Daga gobe bibbiyu."