Shaidar Firdaus

An soke bizar Uwais, mai gadi a unguwar West Bay a ƙasar waje, wai ba shi da halin kirki don ya naushi wani a rukunin shagunan Asian Town. Lahadi kotu za ta sake duba hukuncin, amma da budurwarsa Firdaus ta same shi, gogan wasa yake.

"Ranki ya daɗe, hukuma ta gano abin da Innata ta daɗe tana faɗa."

Ba ta yi dariya ba. "Me ya hana ka gaya wa lauya mayafina mutumin ya fizga?"

Murmushinsa ya gudu. "In kika ba da shaida, yayanki Haliru zai san muna tare ranar, a raba ki da karatu. Gara a kore ni."

"Jiya na gaya masa da bakina."

Uwais ya miƙe zumbur. "Me ya ce?"

"Ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce shi zai kai ni kotun, kai kuma ka turo manyanka." Ta sunkuyar da kai. "Don Allah dai, kada ka yi wa alƙali barkwanci."