Izinin Mai Littafi

Sufeton makarantu ya ɗaga takardar buhun siminti da yatsu biyu, cike take da rubutun hannu.

"Malam, wa ya kwafe wanga?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, malamin aji. Littafin karatu guda gare mu a lakwal, duk makarantar nan. Iyayen yara ko hatsi ba su da shi bana, balle su sayi littafi."

Duk rani malamin ya yi yana tsintar buhuna a kasuwar Tamaske, yana kwafar wa kowane yaro nasa, har yatsunsa suka ƙage.

"Doka ta hana," in ji sufeto. "Littafi yana da mai shi. Ka nemo izinin marubucin, ko kuwa a ƙone su."

Malam ya juya bangon littafin a gajiye, ya tsura wa sunan marubucin ido. Sunansa ne. A shekarar babban fari ya sayar wa maɗaba'a da haƙƙinsa kaf, ya auno wa iyalinsa gero.

"Na san mutumin, ranka ya daɗe," ya ce. "Izininsa tuni aka dama fura da shi aka shanye."