Sabis a Kan Dutsen Limawa

Falalu ya haye dutsen bayan Limawa yana haki yana dariya, ya ɗaga wayar salula sama yana juyi da ita. A shekarar 2003, nan kaɗai sabis ke kamawa a unguwarsu.

Bai kamata a gan shi a garin Dutse ba. Ya zo sunan tagwayen da matarsa Rakiya ta haifa ne. Aka yi suna aka watse, shi kuwa ya kasa komawa bakin aiki. Kullum sai ya ɗauki Hassana ya ajiye, ya ɗauki Husaini, ya ce gobe.

Ga kamfanin takin da yake wa aiki ba wasa. An raba wa ma'aikata wayoyi, an kafa doka: kowa ya zauna inda aka tura shi, ba sai an ga juna ba, amma duk safiya sai saƙo. Wanda aka kama ya bar wurinsa, korarre ne. Falalu ya san dokar nan kalma da kalma.

Yau sai ya tarar da wani saurayi a saman dutsen, ya ɗage ƙafa ɗaya yana farautar sabis.

"Baba, kai ma ka gudo ne?" in ji saurayin.

Falalu ya waiga hagu da dama, ya ɗaga kai. Suka fashe da dariya har da tafawa.

"Ni ƙauye aka tura ni," in ji saurayin, "amma wadda zan aura a nan take. Ogana bai taɓa ganina ba, sai dai saƙo. Mutumin nan sai ka ce aljani!"

Nan suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na gyara wa ɗan'uwansa ƙarya. Falalu ya ce, "Rubuta masa cewa an yi ruwa jiya, manoma sun yi layi. Manya na son jin layi."

Saurayin ya rubuta, ya ce, "Kai kuma, Baba, ka sa zafi a naka. Mai gaskiya ba ya lallami."

Falalu ya sa zafi, yana ƙyalƙyala dariya har hularsa ta faɗi. Sabis ya kawo. Suka ce bismillah, suka danna tare.

Wayoyin biyu suka yi ƙara lokaci guda.

Falalu ya duba tasa: "Ranka ya daɗe, Elnathan ne daga Aujara. An yi ruwa jiya, manoma sun yi layi."

Bai ɗago ba tukuna ya ji saurayin yana karanta nasa a fili: "Daga ofishina na Abuja: duk wanda na kama ya bar wurinsa, ya kuka da kansa. Manaja Falalu."